Jawabi Ga Malaman Gaya Da Ajingi: Yadda Mai Ƙiba Zai Fara Sauke Nauyin Jikinsa



Ya mai girma shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka riga mu shiga aikin koyarwa, 'yan'uwa malamai maza da mata na Gaya da Ajingi, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Kademi da Shagogo da Balare da Toranke. Allah ya saka da alheri.

An saba idan muka taru, zancen albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho shi ke cinye zaman, kuma ya cancanci haka. Yau mun nemi izinin shugabanni mu taɓo wani al'amari da ake jin nauyin faɗa a bainar jama'a, wato ƙibar da ta wuce kima, da yadda wanda ta kama zai fara rage ta. A shekarar 2022 aka sanya hannu a kan dokar tarayya da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, bayan doguwar fafutukar ƙungiyarmu ta NUT. To amma shekarun da aka ƙara ba su da amfani ga malamin da gwiwa ta hana shi tsayuwa gaban allo, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun yana ɗan hamsin. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Mun san a yankinmu rama ta fi ƙiba yawa, kuma a ajujuwanmu akwai yaran da ke zuwa ba su karya ba. Wannan bai hana ɗaya matsalar shigowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Dalilin bai ɓuya mana ba. Malaman da suka koyar da mu a ƙafa ko a keke suke zuwa makaranta, da yamma kuma su wuce gona. Mu kuwa babur ke kai mu har bakin aji. Abincin da albashi ke iya saye shi ne mai cika ciki da arha: shinkafa, taliya, gurasa, burodi, da man da ake kwarara musu. Ga kuma al'adarmu da ke kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata, har ta kai wasu, musamman mata, ga shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Saboda haka kada a ɗauki ƙiba a matsayin lalaci ko kwaɗayi kawai. Akwai gado a ciki, akwai yanayin aiki, akwai haihuwa, akwai wasu magunguna.

Matakin farko shi ne awo, domin malami ba ya fara koyar da aji sai ya san inda ɗalibai suka tsaya. Likitoci suna raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya yi yawa. Idan ya kai 30, ƙiba ce mai buƙatar kulawa. A ɗauki misalin malami mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 105. A ninka 1.70 sau 1.70, a sami 2.89, a raba 105 da shi, a sami 36 da 'yan kai. Wanda ba ya son lissafi, ya ari tef ɗin tela ya auna cikinsa daidai cibiya. Idan kewayen ya wuce rabin tsawonsa, kitsen ciki ya taru, kuma shi ne mafi haɗari, domin shi ke lulluɓe hanta da sauran kayan ciki.

Mataki na biyu, a je asibiti kafin a sauya komai. A auna jini, a gwada suga, ko a Babban Asibitin Gaya ko a cibiyar lafiya mafi kusa, kuma a yi amfani da rajistar KSCHMA da ake cirar kuɗinta daga albashinmu. Wannan ya zama dole ga mutum huɗu. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, domin idan ya rage abinci bai daidaita magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon zuciya ko wanda ke jin ƙirji na ɗaurewa idan ya yi tafiya. Mai juna biyu, wadda ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta. Sai wanda ƙafafunsa ke kumbura, domin kumburi ruwa ne, yana iya zama alamar ciwon zuciya ko ƙoda. Haka kuma wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, kada ya yi murna, ya garzaya a duba shi.

Mataki na uku shi ne ƙayyade buri. A nan ne mutane da yawa ke karaya. Malamin da muka ba da misalinsa, idan aka ce masa sai ya koma kilo 72 kafin ya shiga sahun masu daidaitaccen nauyi, wato ya sauke kilo 33, zai ce a bar zancen. Abin da bincike ya nuna ya fi wannan sauƙi. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, an nemi wasu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da na waɗanda aka bai wa magani. Kashi 7 na kilo 105 bai wuce kilo 7 da ɗan ɗoriya ba. A Birtaniya kuma, wani gwaji da aka bayyana a 2017 ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon suga da suka bi tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun kai shekara sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, kuma waɗanda suka fi rage nauyi su suka fi dacewa.

Mu malamai mun san yadda ake raba manhaja zango-zango. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ake so. Rabin kilo a mako, a zango ɗaya na mako goma sha biyu, kilo shida ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sai batun abinci, wanda shi ne jigon aikin. A fara da abin sha, domin shi ya fi sauƙin bari kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo guda ta rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya, ba a ma zo kan shayin safe da zoɓo da kunun zaƙi da sukarin fura ba. Illar ta kai har gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021. Wanda ya mayar da ruwa abin shansa, ya rage sukarin shayi da rabi, ya riga ya yi nisa.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai ya ninka giram ɗaya na hatsi fiye da sau biyu wajen ƙarfin da yake bai wa jiki. A riƙa auna man gyaɗa da manja da cokali, a bar tuttulawa daga kwalba. Ƙosai da fanke da masa da soyayyar awara su zama na wani lokaci. Alale da dafaffen wake su maye gurbinsu.

Na uku, tsarin kwano. Ba mu ce a bar tuwo ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, bayan wata guda ya gwada ɗaya da rabi, ya cike gurbin da ganye. Allah ya hore mana zogale da rama da yakuwa da alayyahu da kuɓewa da kuka, kuma duk sun fi lemo arha. Rabin kwano ya zama ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, sauran kuma tuwon dawa ko gero ko shinkafa. Wanda ya saba ci a tire ɗaya da jama'a, ya ɗebi nasa a kwano daban domin ya san abin da ya ci. A rage gishiri da dunƙulen miya saboda hawan jini. Kuma kada a yi wannan shiri a ɓoye wa uwargida ko duk mai riƙe da tukunya, domin a madafa ake cin nasara ko a faɗi. A watan azumi ma a kula, domin da yawa kan fito daga cikinsa da ƙarin nauyi saboda soye-soye da kayan zaƙin buɗa-baki.

Game da motsa jiki, abin da ake nema shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu ko ƙwallo, gwiwarsa ba za ta ɗauka ba. Ya fara da tafiyar minti goma bayan sallar asuba ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ya riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Wanda makarantarsa ke kusa ya ajiye babur kwana biyu a mako. 'Yan'uwanmu mata da fita ke yi musu wuya, zagayen tsakar gida ko filin makaranta kafin a buga ƙararrawa, su biyu ko uku, ya wadatar. A kuma nemi barcin sa'a bakwai, domin ƙarancin barci na ƙara yunwa. Wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya gaya wa likita.

Ya kamata mu faɗa muku abin da za ku tarar a hanya. Makon farko nauyi kan sauka da sauri, yawancinsa ruwa ne. Bayan 'yan watanni sai sikeli ya tsaya cik, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da, yunwa kuma tana ƙaruwa. Haka halittar jiki take, ba gazawar kowa ba ce. A wannan gaɓar ce masu tallar shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙe ke samun kasuwa. Da yawan kayansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, mutum ya zubar da ruwa ya zaci kitse ne, wani lokaci kuma ƙoda ta taɓu. Akwai magungunan gaskiya na zamani, irin su allurar Wegovy, akwai kuma tiyata ga masu matsananciyar ƙiba, amma suna da tsada, likita ne ke yanke hukuncinsu, kuma nauyi kan dawo idan aka daina allurar. Wanda ya zame a ranar biki ko suna, ya koma kan tsarinsa washegari, kada ya ce ai an riga an ɓata.

A ƙarshe muna gabatar wa reshe buƙatu huɗu. A sayi sikeli da na'urar awon jini daga asusun walwala, a riƙa zagayawa da su makarantu, a kuma yi awon a sirrance. A daina raba lemo a tarukanmu, a kawo ruwa. Malaman kowace makaranta su haɗa 'yan ƙungiyoyin tafiyar ƙafa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan mu kawar da zolayar masu jiki daga ofisoshinmu da ajujuwanmu. Laƙabin da muke yi wa abokin aiki da sunan wasa yana hana shi neman taimako, kuma yaron da ya ji malaminsa na yi, shi ma zai yi wa ɗan'uwansa.

Muna roƙon duk wanda wannan magana ta shafa ya auna kansa a cikin makon nan, ya rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafin shirin darasinsa, ya zaɓi abu ɗaya da zai fara da shi. Idan Allah ya kai mu ƙarshen zango, sai a sake awo a gani.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sanya albarka a aikinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.