Idan Wa'adin Ziyarar Mama Ya Kusa Cika

 

Akwai tambayar da iyalai suka sha kawo mana a nan Ingila. Mama ta zo daga gida wankan jego, jika ya saba da bayanta, mai jego za ta koma aiki, ga wa'adin biza ya kusa cika. Yaya za a yi a ƙara mata kwanaki?

Bari mu faɗa muku gaskiya. Bizar ziyara ta wata 6 ce. Wanda aka ba shi ƙasa da haka yana iya neman a cika masa wata 6 ɗin. Wuce nan kuwa sai da dalili na musamman, kamar jinya a asibitin kuɗi, da takardar likita da shaidar cewa akwai kuɗin biya. Dole a nema kafin bizar ta ƙare. Renon jika ba ya cikin dalilan da hukuma take karɓa.

Hanya ta biyu ita ce doguwar bizar ziyara ta shekara 2, ko 5, ko 10. Daga gida ake nemanta. Ko da ita, kowane zuwa ba ya wuce wata 6, kuma idan aka ga mutum ya mai da ziyara zama, ana iya mai da shi daga filin jirgi.

Ta uku ita ce bizar dattijon da ya dogara ga danginsa. Tun 2012 aka tsananta sharuɗɗanta. Sai an nuna cewa tsufa ko ciwo ya hana shi kula da kansa, kuma babu yadda zai sami wannan kulawa a gida ko da an aika masa kuɗi. Ita ma daga gida ake nema, samunta kuma da wuya.

'Yan'uwa, mun san akwai masu cewa a bar ta ta zauna, wa zai sani? Wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 30 ana iya hana shi dawowa har shekara 1 ko fiye. Idan kuma aka kwantar da Mama a asibitin gwamnati, baƙo yana biyan kuɗin jinya har da ƙarin rabi a kai, bashin fam 500 kuma ya isa ya hana ta biza nan gaba. Girmama iyaye umarnin Allah ne, amma tsohuwar da take fargaba duk lokacin da aka buga ƙofa ba mu girmama ta ba.

Saboda haka muna roƙo. Ku rubuta ranar ƙarewar biza tun ranar isowa. Ku yi mata inshorar lafiya kafin ta taso. Ku nemi lauya ko mai ba da shawara da yake da rajista, ba ɗan kamasho ba. Zumuntar mata kuma, idan Mama ta koma, ku ne uwar wannan mai jego; ku shirya yadda za ku riƙa leƙa ta.

Mu sallami iyayenmu da mutunci, domin ƙofa ta kasance a buɗe su sake dawowa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.