Dishewar Murya da Ciwon Sukari



Yau za mu yi magana a kan murya. A ƙauyukan da muke zagawa mukan tarar da uwa a zumuntar mata wadda ta daina ba da waƙa, ko mai bishara wanda muryarsa ke shaƙewa kafin ya kai rabin wa'azi. Akan ce sanyi ne ko tsufa. Amma idan mutum yana da ciwon sukari, ya kamata a duba ta wannan wajen ma.

A cikin maƙogwaro akwai 'yan tsoka biyu masu laushi, su ne ke kaɗawa murya ta fita, kuma suna bukatar danshi. Idan sukari ya yi yawa a jini, mutum yakan yi ta fitsari, ruwan jiki ya ragu, baki da maƙogwaro su bushe. Hayaƙin murhu da ƙurar hunturu su ƙara.

Ciwon kuma yakan lalata jijiyoyi a hankali. Yadda wasu ke jin tafin ƙafa ya mutu, haka yake iya taɓa jijiyoyin ciki, abinci ya daɗe bai sauka ba, ƙwannafi ya riƙa tasowa da dare yana ƙona maƙogwaro. Wasu kuma fari-fari ne ke fito musu a harshe da maƙogwaro, domin ƙwayar cutar da ke kawo shi tana son sukari.

Ga inda haɗarin yake. Da murya ta dishe, sai mu kawo zuma, ko alewar Tom Tom, ko shayi mai sukari da yawa. Da kyakkyawar niyya muke yi, amma ga mai wannan ciwo ƙara masa muke yi. Sukari ya hau, ƙishi ya ƙaru, murya ta ƙara bushewa. Lokaci ɗaya ne abin zaƙi ke yi masa amfani: idan sukarinsa ya faɗi, yana rawar jiki da gumi. A nan kam a ba shi nan da nan.

To, me za mu yi? A sha ruwa zalla a kai a kai. A ci abincin dare da wuri, kada a kwanta sai bayan awa 2 ko 3. A bar taba da giya. A huta da murya, kada a yi ihu, kada kuma a dinga raɗa, domin ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. A ci gaba da shan maganin asibiti.

Wanda ke fama da yawan ƙishi, yawan fitsari da rama, ya je a auna jininsa da safe kafin ya ci komai. Idan awo ya kai 126 ko fiye, za a sake aunawa a tabbatar.

Muryar da ta dishe fiye da mako 3, a kai ta asibiti, domin tarin fuka ko ciwon daji ma sukan jawo haka. Idan kuwa magana ta karkace farat ɗaya, baki ya juya, hannu ya saki, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi mota a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Shugabannin mawaƙa, idan wani ya yi shiru a cikinku, ku tambaye shi lafiya.