Jawabin lokotoro a kan maƙoƙo mai ramar da mutum

Jama'a, maƙoƙo iri iri ne. Wanda aka fi sani a karkara na rashin iyod ne cikin abinci, gishiri mai iyod yana tsare mutum daga shi. Akwai wani kuma. Ƙullin naman da ke gaban wuya ne ke aiki ya wuce kima. Mai shi yana ci ƙwarai amma yana ramewa. Gaba yana bugawa da sauri, hannu yana makyarkyata, zufa ko da ɗari, wani sa'i idanu su firfito. Ya fi kama mata.

Lokotoro yakan fara da ƙwayoyi, wata 12 zuwa 18. In ciwo ya komo, sai fiɗa, ko wani magani da ake kira iyod 131. An fara ba marasa lafiya iyod irin wannan a Boston ta Amurka a 1941. Sha ake yi, galibi so ɗaya. Yana fid da wani ƙarfi da ido ba ya gani. Ƙullin wuya ne ke tattara shi, ƙarfin nan ya ƙone wani sashe nasa a hankali.

Wuyar aikin tana ga awo. Wasu lokotoro suna duba girman ƙullin da yawan iyod da ya sha cikin awa 24. Wasu kuma suna ba kusan kowa awo ɗaya, milikuri 10 zuwa 15. In an ba da kaɗan, ciwo na iya tsayawa, a sake sha bayan wata 6. In an ba da isasshe, ciwo ya tafi, amma sau da yawa ƙullin yakan yi sanyi, mutum ya riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya muddin rai. Lokotoro da yawa sun fi son wannan, don ya fi sauƙin riƙo. Shi ya sa ake komawa awon jini bayan sha.

Ba a ba mai ciki, ba a ba mai goyo da ke shayarwa. Mace ta faɗa wa lokotoro gaskiya, kada kunya ta hana ta, don maganin yana ɓata ƙullin wuyan jinjiri. Bayan sha, a dakata da ɗaukar ciki wata 6.

Ƙarfin maganin yana raguwa da rabi kowane kwana 8, jiki kuma yana fid da saura ta fitsari. Kwanakin farko, wanda ya sha ya kwana shi kaɗai, ya ware moɗarsa da kwanonsa, ya yawaita shan ruwa, kada ya goya yaro ko ya aza shi bisa cinya.