ALBARKAR MAI BA DA GASKIYA: Jawabin Bikin Cikar Ikilisiya Shekara 50



Allah ya haɗa mana murna biyu, wato Kirsimeti da cikar ikilisiyarmu ta Shanga shekara 50. Don haka ya kamata mu tambayi kanmu: mece ce albarka, kuma ina ta gamu da bangaskiya?

A wannan wata da yawa cikinmu kan auna albarka da buhunan shinkafa, da sabon ɗinki, da akuyar yanka. Wanda ruwa ya cinye gonarsa sai ya zauna a gida don kunya, yana cewa Allah ya manta da shi. Wani kuma ya ci bashi don kada a raina shi. Har akwai masu koya wa 'ya'yanmu cewa talauci alamar ƙarancin bangaskiya ne. 'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba.

Mu duba Maryamu. A Luka 1:45 Alisabatu ta kira ta mai albarka domin ta gaskata abin da Ubangiji ya faɗa mata. To, me ya biyo baya? Ta haihu a Baitalami ba masauki, ta kwantar da jaririn a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Daga baya suka gudu Masar saboda Hirudus. Duk da haka ba macen da ta kai ta albarka, gama Imanuwel ne a hannunta, wato Allah yana tare da mu. Wannan ita ce uwar albarka, sauran duka ƙari ne.

Iyayenmu sun san wannan. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe gungu da gonaki, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga mazauninsu. Cikin mutanen da suka ga wannan tashi ne Allah ya kira waɗanda suka fara sujada a nan, a rumfar zana, ba benci, ba kwanon rufi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sun riƙe bangaskiya a lokacin da hannunsu ba kome, ga shi yau jikokinsu sun cika majami'a, suna karanta Maganar Allah da kansu.

Masunci kan kafa mamari da yamma bai ga kifi ko ɗaya ba, mai albasa kuma kan dasa iri a fadama ya jira watanni. Haka bangaskiya take: tana aiki, tana jira, ba ta ciniki da Allah. In ya cika rumbu, mu gode masa. In shekara ta yi tsanani, alkawarinsa bai canza ba.

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 shekarar saki ce: bawa ya koma gida, gona ta koma hannun mai ita. Saboda haka muna roƙonku abu uku. Mai bin ɗan'uwansa bashin da ya san ba zai iya biya ba, ya sassauta masa. Masu gaba su shirya kafin su zo teburin Ubangiji. Kowane gida kuma da ya ɗora tukunya ranar 25 ga wata, ya tuna da gwauruwa da maraya, ya aika wa maƙwabtanmu Musulmi nasu kwano kamar yadda muka saba. Kada wani ya ƙi zuwa sujada don ba shi da sabuwar riga.

Allah da ya riƙe iyayenmu ya riƙe mu, ya sa 'ya'yanmu su same mu da aminci. Barkanmu da Kirsimeti. Amin.