Tsofaffin Rigunan Ƙwallo da Tarihin da ke Cikinsu



Wataƙila wani ya ce me ya haɗa ɗalibin jami'a da tsohuwar rigar ƙwallo? Amsarmu ita ce, rigar da 'yan wasan ƙasa ke sawa takardar tarihi ce. Wanda ya iya karanta ta zai ga sarautar da ta shuɗe, da baƙin cikin da jama'a suka sha, da ranar da suka sami 'yancin kansu.

Mu fara da Barazil. Kowa ya san ta da riga rawaya, alhali kuwa da fara ta saba. Ran 16 ga Yuli, 1950, a filin Marakana na birnin Riyo, gaban mutum kusan 200,000, kunnen doki kaɗai Barazil ke bukata ta ɗauki kofin duniya, sai Yurugwai ta doke ta da ci 2 da 1. Ƙasa ta ɗauki makoki, aka ɗora laifi kan mai tsaron gida, Barbosa, har farar rigar ma ba ta tsira ba. A 1953 jaridar Correio da Manhã ta sa gasar zana sabuwar riga, bisa sharaɗin a haɗa launuka huɗu na tutar ƙasa: rawaya, kore, shuɗi da fari. Wani saurayi, Aldyr Garcia Schlee, shi ya ci. Abin mamaki, a bakin iyakar Yurugwai aka haife shi, kuma Yurugwai ɗin yake goya wa baya a ƙwallo!

Amma ba cikin rawayar Barazil ta fara ɗaukar kofi ba. A wasan ƙarshe na 1958 ta haɗu da Suwidin mai masaukin baƙi, ita ma rawaya take sawa. Dole aka shiga kasuwar Istokholm aka sayo shuɗayen riguna, aka ɗinka musu tambarin ƙasa. Cikinsu Pele, yaro ɗan shekara 17, ya jefa ƙwallo biyu, aka tashi 5 da 2. A 1970 ne, a Meziko, talabijin mai launi ya nuna wa duniya rigar rawaya, ta kafu a zukata.

Wasu launukan kuwa ba daga tuta suka fito ba. Babu shuɗi a tutar Italiya. Launin gidan sarautar Saboya ne. An kawar da sarautar a 1946, amma rigar tana nan. Haka ruwan lemon Holan, daga gidan sarautarsu ya samo asali.

Mu ma nan gida muna da namu labarin. Zamanin mulkin mallaka jajayen riguna 'yan wasan Nijeriya ke sawa, ana yi musu laƙabi da Red Devils. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka koma kore da fari, suna ya zama Green Eagles. Da wannan suna suka doke Aljeriya 3 da nema a Legas a 1980, Christian Chukwu ya ɗaga kofin Afirka na farko da muka taɓa ci.

To, ina waɗannan riguna suke yau? Rigar da Maradona ya sa a wasansu da Ingila a 1986, wani ɗan wasan Ingila ne ya adana ta, aka yi gwanjonta a 2022 kan fam miliyan 7 da 'yan kai. Ba kuɗin ne darasin ba, a'a, adanawar. Abin da ba a ajiye ba, asu da gara za su cinye shi, labarinsa kuma ya bi masu shi kabari. Saboda haka muna kira ga masu nazarin tarihi a cikinmu, su nemi tsofaffin 'yan wasa tun suna raye, su rubuta abin da suka gani, su kuma roƙi gidajen tarihi su karɓi rigunansu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.