Kafin Ku Sayi Sabon Bawul: Jawabi ga Direbobi da Masu Motoci na Ƙauyukanmu

 

Yawancin ƙauyukanmu mota ɗaya ce ko biyu. Ita ke kai masara kasuwa, ita kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. In ta kwana uku a gareji, gari duka ne ke shan wahala. Saboda haka yau zan yi magana a kan matsala guda wadda ke cinye mana kuɗi a banza, wato ta bawul ɗin da makanikai ke kira EGR.

Aikin wannan bawul shi ne ya ɗebi ɗan hayaki daga hanyar salansa, ya mayar da shi cikin inji. Wannan hayaki yana rage zafin ƙunar mai, sai gurɓatacciyar iskar da ke cutar da huhu ta ragu. Amma hayaki yana tafe da baƙin toka. Kamar yadda kunkunniya ke taruwa a rufin ɗakin girki, haka take taruwa a bawul da hanyoyinsa har su toshe.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan wutar injin ta kunnu a gaban direba, a nan ake jona na'ura ta karanto lamba. Ku riƙe waɗannan uku. P0401 na nufin hayakin da ke komawa ya yi kaɗan. P0402 na nufin ya yi yawa. P0403 kuwa matsala ce ta wajen waya ko lantarkin da ke sarrafa bawul.

Ga abin da nake so ku tafi gida da shi: lambar tana nuna inda ciwo yake ne kawai, ba ta ce bawul ya mutu ba. Sau da yawa mutum zai sayi sabo da tsada, bayan kwana biyu wuta ta dawo, don hanyar da ke bayansa tana nan a toshe. An san Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 da wannan toshewa. A Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 kuma, sau da yawa laifin na ɗan makunnin da ke sakar wa bawul iska ne.

Motar ma da kanta tana faɗa muku. Idan bawul ya maƙale a buɗe, inji zai riƙa karkarwa a tsaye, har ya mutu a mararraba. Idan ya toshe, motar fetur takan yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu da kaya.

To, in kun je gareji, ku roƙi makaniki ya bi wannan tsari. Na farko, ya rubuta muku lambar a takarda kafin ya goge ta. Na biyu, ya duba ƙananan tiyo da wayoyi, ko akwai wanda ya tsage ko ɓera ya ci. Na uku, idan bawul ɗin mai aiki da zuƙar iska ne, a buɗe shi da ɗan famfon hannu alhali inji na aiki a tsaye. In inji ya yi tangal-tangal ko ya mutu, hanya a buɗe take. In bai ko motsa ba, to hanya ce ta toshe ko bawul ne ba ya ɗagawa. Na huɗu, a bar inji ya huce, a kwance bawul, a kankare tokar da ke cikinsa da ta hanyar, a wanke da maganin wanke kabireta, a sa sabon gaskit. Kada maganin ya shiga ɓangaren lantarki. Sai an yi duk wannan bai yi ba, sannan a yi zancen sabo.

Abu biyu kada ku yarda da su. Cire kan batir yana kashe wutar, amma ciwon yana nan. Cire ƙwan wutar kuma ya fi muni, gama ranar da babbar matsala ta zo, babu abin da zai gargaɗe ku. In wutar tana nan a kunne kawai, kuna iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, wannan wata matsala ce dabam mai gaggawa, ku nemi wuri ku tsaya.

Ku ajiye ɗan littafi a cikin mota, ku riƙa rubuta lamba, rana, da aikin da aka yi. Wanda ya karɓi motar bayanku zai gode muku.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu. A sauka gida lafiya.