Abin da Na Gano a Ziyarar Hunturu: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An umarce ni in yi bayanin ziyarar yini ɗaya da muka yi cikin hunturun da ya wuce. To, ga abin da idona ya gani.

Mun yi sammako daga Dutse cikin hazo, kowa ya ƙudundune, wasunmu da 'ya'yansu. Muka fara da Garu, tsohon mazaunin sarauta da ke tsakanin duwatsu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, gari ya yi ta faɗaɗa, amma tushensa yana can Garu.

Da hantsi muka isa Birnin Kudu, muka hau Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Nan muka ga zanen shanu marasa tozo a jikin dutse, aikin mutanen da, wanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su, sai su yi amo kamar ƙararrawa.

A hanyar dawowa muka ratse wani ƙauye, muka shiga tsohon gidan dagaci. Zaure ne na tubali mai ɗaurin guga, da rufin azara. Waje iska na kaɗawa, ciki kuwa ɗumi. Sai dai damina ta riga ta ci gefe guda. Dattijon gidan ya ce maginan sun ƙare, yara kuma bulo da kwano suke so.

Nan ne ɗana ya ja rigata ya ce, "Baba, Turawa ne suka gina wannan?" Jama'a, kunya ta kama ni. Yaron nan yana aji uku a sakandare, ya san dalar Masar a littafi, bai san aikin kakanninsa ba. Laifin nawa ne, domin ban taɓa kai shi ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin mota ɗaya kowane hunturu, a kai ɗaliban makarantarmu waɗannan wurare tare da malamin tarihi, tun kafin sauran katangar ta faɗi. Ni na ɗauki kuɗin man bana.

Allah Ya ja zamanin sarakunanmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.